Gudun Famfo da Zafin Kwamfuta: Shin Ƙara Gudun Ruwa Yana Ƙara Sanyi?

Darasinmu na yau na masu kwamfutar tebur ne da ke sanyaya ta da ruwa, ko masu shirin haɗa irinta domin wasannin kwamfuta, tace bidiyo, ko harhaɗa manyan manhajoji. Akwai tambayar da kusan duk mai irin wannan na'ura yake cin karo da ita da zarar ya shiga saiti: a wane gudu zan bar famfon?

Amsoshi biyu ne ke yawo a tsakanin jama'a. Wasu su ce ka ƙure shi, domin yawan gudu shi ne yawan sanyi. Wasu kuma su ce ka rage shi, wai idan ruwa yana gudu da yawa ba ya samun lokacin hucewa a cikin lagireto. Magana ta biyu kuskure ce tun daga tushe. Ta farko kuwa tana da gaskiya, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma ana isa iyakar da wuri fiye da yadda ake zato. Wanda bai fahimci wannan ba zai iya kashe kuɗi a kan famfo mai tsada alhali matsalarsa tana wani wuri, ko ya rage gudun har firosesa ta riƙa rage ƙarfinta saboda zafi. Bari mu bi abin daki-daki.

Hanyar da zafi ke bi

Duk wutar da firosesa ta ja, zafi take komawa. Intel Core i9-14900K, alal misali, tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, katin girafik na RTX 4090 kuma wat 450. Dole wannan zafi ya bar cikin akwatin, in ba haka ba firosesa za ta kai iyakarta, wato digiri 100 ga wannan ta Intel da digiri 95 ga yawancin Ryzen 7000 na AMD, sai ta fara rage gudunta da kanta don ta tsira.

A tsarin sanyaya da ruwa, ga tashoshin da zafin ke ratsawa:

1. Daga ƙwayar firosesa zuwa murfin ƙarfen da ke rufe da ita.
2. Daga murfin, ta cikin man da ake shafawa a kai, zuwa farantin jan ƙarfe na bulok. Bulok shi ne ɗan akwatin da ake ɗaurewa a kan firosesa, ruwa yana ratsa cikinsa.
3. Daga jan ƙarfen zuwa cikin ruwa.
4. Ruwa ya bi tiyo ya kai zafin lagireto.
5. Daga ruwa zuwa bututan lagireto da siraran ganyayyakin ƙarfensa.
6. Fanka ta hura iska ta kwashe zafin zuwa cikin ɗaki.

Ka lura da abu ɗaya: ruwa ba ya kashe zafi, ɗan dako ne kawai. Famfo kuma yana da hannu ne a tasha ta 3 da ta 4 da ta 5 kaɗai. Sauran ukun, ko famfon jirgin ruwa ka ɗaura, ba za su canja ba.

Lissafi ɗaya da ya kamata ka riƙe

Dalilin da ya sa aka zaɓi ruwa shi ne yana da cin zafi sosai. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara digiri ɗaya, sai ta haɗiye kusan jul 4,186 na makamashi. Lita ɗaya ta iska kuwa jul ɗaya da ɗoriya ya ishe ta. Wato a ma'auni iri ɗaya, ruwa ya ninka iska ɗaukar zafi fiye da sau 3,000.

Wat ɗaya shi ne jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan ka raba 4,186 gida 60, za ka samu kusan 70. Ma'anarsa, ruwan da ke gudu lita 1 a minti yana ɗauke da wat 70 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙara. Daga nan muka samu wannan ƙa'ida mai sauƙi:

Ƙarin zafin ruwa = yawan wat ÷ (70 × lita a minti)

Mu gwada da firosesa mai fitar da wat 200. Ga bambancin da ke tsakanin ruwan da ya shiga bulok da wanda ya fito:

- Rabin lita a minti: digiri 5.7
- Lita 1 a minti: digiri 2.9
- Lita 2 a minti: digiri 1.4
- Lita 4 a minti: digiri 0.7
- Lita 8 a minti: digiri 0.4

Dubi yadda jerin yake tafiya. Duk sanda ka ninka gudun, bambancin ya rabu biyu. Daga rabin lita zuwa lita 1 an rage kusan digiri 3, amma daga lita 4 zuwa lita 8 ko rabin digiri ba a samu ba. Wannan ne ya sa masu haɗa tsarin ruwa da kansu suka daɗe suna ɗaukar galan 1 na Amurka a minti, wato kusan lita 3.8, a matsayin gudun da ya wadatar. Ko an haɗa firosesa da katin girafik har zafinsu ya kai wat 500, a wannan gudu bambancin bai kai digiri 2 ba.

Wannan lissafin ne kuma amsar masu tambayar ko sai ruwa ya fara bi ta firosesa kafin katin girafik. Matuƙar gudu ya wadata, zafin ruwan kusan ɗaya ne a ko'ina, saboda haka jerin ba shi da wani tasiri na a zo a gani. Sai gudu ya yi ƙasa sosai ne na'urar da ke baya take shan ruwan da ta gaba ta riga ta ɗumama.

Maganar cewa ruwa yana bukatar lokaci ya huce

Wannan magana tana da daɗin ji, shi ya sa ta yaɗu. Shayi ma ai sai an ajiye shi yake hucewa. To amma shayi a kofi tafiya ɗaya yake yi, ruwan kwamfuta kuwa zagaye yake yi ba tsayawa.

A ce tsarinka yana cin lita 1 na ruwa, kuma kashi ɗaya cikin biyar na ruwan yana cikin lagireto a kowane lokaci. Idan gudun lita 1 ne a minti, kowane ɗigo zai zagaya sau ɗaya a minti, ya yi daƙiƙa 12 a cikin lagireto. Idan ka mayar da gudun lita 4, ɗigon zai yi daƙiƙa 3 kacal a kowace shiga, amma sau huɗu zai shiga a cikin mintin. Uku sau huɗu, 12 ke nan. Lokacin bai ragu ba, an dai rarraba shi ne.

Kwatanta shi da leburori masu kwashe yashi da kwano a wurin gini. Ko su riƙa cika kwano suna tafiya a hankali, ko su riƙa ɗaukar rabi suna sauri ninki biyu, yashin da zai isa wurin kwaɓi a cikin awa ɗaya bai canja ba.

To me ya sa wasu suke rantsuwa cewa sun gwada sun gani? Saboda abin da suka auna gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Idan ka rage gudu, ruwan da ke fitowa daga lagireto yakan fi sanyi. Amma wanda ke shiga cikinsa ya fi zafi da gwargwadon hakan. A ce ɗakinka yana digiri 30, kuma lagireton yana bukatar matsakaicin zafin ruwa ya kai 40 kafin ya iya zubar da wat 200. A rabin lita a minti, ruwan zai shiga yana wajen 43 ya fito yana wajen 37. A lita 4, zai shiga yana 40.4 ya fito yana 39.6. Wanda ya ɗora ma'auni a bakin fita kaɗai zai ga 37 ya yi murna, bai san cewa a ƙarshen bulok ruwan ya kai 43 ba. Matsakaicin dai yana nan wajen 40.

Idan haka ne, matsakaicin bai motsa ba, ina ribar ƙara gudu take? Tana wani wuri daban.

Siririn ruwan da ke manne a jikin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi ya san ruwan tsakiya ya fi gudu, na gaɓa kuwa kamar ba ya tafiya. Haka abin yake a cikin bulok. Ruwan da ke taɓa jan ƙarfen kai tsaye kusan a tsaye yake, ya zama wani siririn bargo tsakanin ƙarfe da ruwan da ke wucewa.

Matsalar ita ce, duk da ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi, rago ne wajen miƙa shi idan yana tsaye. A ma'aunin isar da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, ruwa kuwa 0.6 kacal. Saboda haka wannan bargo, duk sirantakarsa, shinge ne. Idan gudu ya ƙaru, ruwan yana dama kansa, bargon ya ƙara sirancewa, zafi ya samu hanyar tsallakawa cikin sauƙi. A nan ne ainihin ribar gudun famfo take, a cikin bulok da kuma cikin bututan lagireto.

Masu ƙera bulok sun san da wannan. Shi ya sa suke tsattsaga farantin jan ƙarfen ya zama kamar haƙoran mataji, domin wurin haɗuwar ruwa da ƙarfe ya yawaita. Da yawa kuma suna sa wani ɗan faranti mai siririyar tsaga a sama, wanda ke tilasta wa ruwan ya feso da ƙarfi a daidai tsakiyar wurin da ya fi zafi.

Amma nan ma ribar raguwa take yi. A bututun da ruwa ke gudu yana damuwa sosai, ninka gudu yana ƙara saurin miƙa zafi da kusan ninki 1.7, bai kai biyu ba. A cikin ƙananan tsagun bulok ma yawanci bai kai haka ba. Mu ɗauki mafi kyawun hali don misali. A ce firosesa tana digiri 80, ruwa yana 40, kuma cikin wannan tazara ta 40, digiri 8 ne rabon shingen da ke tsakanin jan ƙarfe da ruwa. Ninki na farko zai mayar da 8 ta koma wajen 4.6. Na biyu ya kai ta 2.6. Na uku 1.5. Ka ga ribar: digiri 3.4, sai 2, sai 1. Ragowar digiri 32 kuwa suna cikin firosesa da murfinta da man shafawa da kaurin jan ƙarfe, inda famfo ba shi da ta cewa.

Kuɗin da ake biya wa ƙarin gudu

Famfunan kwamfuta irin masu juya farfela ne a cikin ruwa, kuma akwai ƙa'ida sananniya a kansu. Idan ka ninka juyin farfela sau biyu, ruwan da take turawa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta ya ninka sau huɗu, wutar da aikin ke bukata kuma ta ninka kusan sau takwas. Wato riba tana raguwa a daidai lokacin da farashi yake hauhawa.

Famfuna biyu ne suka fi shahara wurin masu haɗa tsarin da kansu: D5 da DDC, dukansu ƙirar kamfanin Laing ne tun asali, wasu kamfanoni suna sa musu tambarinsu su sayar. D5 yana kai juyi 4,800 a minti, yana jan wat 23 ko kusa da haka, kuma a takarda yana tura lita 1,500 a awa. DDC ya fi shi ƙanƙanta, bai kai shi yawan ruwa ba, amma ya fi shi ƙarfin turi, shi ya sa ake son sa a matsattsen tsari mai bulok da yawa.

Kada adadin da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Lita 1,500 a awa, wato 25 a minti, ana samun ta ne idan babu abin da ke gaban famfon. Da zarar ka haɗa bulok, lagireto, tiyo da mahaɗai masu lanƙwasa, kowannensu yana tare ruwan, abin da zai rage bai wuce 'yan litoci a minti ba. Don haka juyin famfo daban, gudun ruwa daban. Kwamfutoci biyu masu famfo iri ɗaya a juyi ɗaya za su iya samun gudun ruwa mabambanta.

Sai kuma zafin famfon kansa. D5 da ruwan da yake turawa yake sanyaya jikinsa, saboda haka yawancin wutar da ya ja a cikin ruwan take ƙarewa. A misalinmu na baya, lagireto yana bukatar tazarar digiri 10 don zubar da wat 200, wato digiri 1 ga kowane wat 20. Ke nan famfon da aka ƙure zai iya ɗora wa ruwan kusan digiri guda, ya cinye ɗan abin da ƙarin gudun ya kawo. Ga ƙara, ga girgizar da akwati ke amsawa. An yi ba a yi ba.

Haɗarin ragewa fiye da kima

Wannan ba yana nufin ka mayar da famfo ƙasa can ba. A ɓangaren ƙasa ne lissafin ya fi cizo, kamar yadda jerin farko ya nuna. Bayan haka, ruwa mai rauni ba ya iya koro kumfar iskar da ta maƙale a bulok ko a kusurwar lagireto, kuma duk inda iska ta zauna, ruwa ba ya taɓa ƙarfe. Wasu famfunan ma idan wutar da ake ba su ta yi ƙasa sosai, ba sa iya tashi lokacin kunna kwamfuta. Famfo a tsaye kuwa yana nufin firosesa za ta kai iyakar zafinta cikin ɗan lokaci kaɗan.

Lokaci ɗaya da ya dace a ƙure famfo shi ne bayan an zuba sabon ruwa, har sai iskar da ke ciki ta gama fita zuwa tanki. Kuma kada a taɓa kunna shi babu ruwa, domin ruwan ne man da ke hana abin da farfelar ke juyawa a kai cinyewa.

Idan AIO gare ka

Yawancinmu abin da muke iya samu shi ne AIO, wato wanda aka haɗa aka rufe tun daga masana'anta, irin su NZXT Kraken, Arctic Liquid Freezer da na Corsair. Famfon waɗannan ƙarami ne, wat kaɗan yake ja, gudun ruwansa kuma bai kai na D5 ba ko kusa. Ma'ana yana zaune ne a ɓangaren da ƙarin gudu yake da amfani, zafin da yake ƙara wa ruwa kuma bai taka kara ya karya ba. Don haka shawarata ga mai AIO ita ce ya bar famfon a sama, ko a ƙure ko kusa da haka, sai dai in ƙararsa ta dame shi. Ramin da aka rubuta wa AIO_PUMP a jikin madabod, a yawancin alluna, a ƙure yake ba da wuta tun daga masana'anta saboda wannan dalili.

Wajen ɗaurawa kuma, ka tabbata famfon ba shi ne abu mafi tsayi a zagayen ba. Iska sama take hawa. Idan ta taru a famfo za ka riƙa jin ƙarar ɓulɓul, gudun ruwa ya ragu ko da allo yana nuna maka juyi mai yawa.

Yadda za ka gano gudun da ya dace da taka

Ba sai ka yarda da maganar kowa ba, gwajin mai sauƙi ne. Kana bukatar manhajar HWiNFO don karanta zafi, Cinebench don ɗora wa firosesa nauyi, da ɗan ma'aunin zafin ɗaki.

1. Shiga BIOS ko manhajar na'urarka ka tsayar da fankokin lagireto a gudu ɗaya. Idan suna hawa da sauka, ba za ka san wane ne ya kawo canjin ba.
2. Sa famfo a kashi 100, ka bar Cinebench yana aiki na minti 20 zuwa 30. Ruwa yana da jinkirin ɗumama, gwajin minti biyar ƙarya zai faɗa maka.
3. Rubuta matsakaicin zafin firosesa, yawan wat ɗin da take ja, da zafin ɗaki.
4. Maimaita a kashi 80, 60 da 40.
5. A kowane gwaji, cire zafin ɗaki daga na firosesa. Wannan sakamakon za ka kwatanta, domin ɗakin da ka fara gwaji da safe ba shi ne na azahar ba.

Za ka ga wurin da zafin ya fara tashi sosai. Ka koma mataki ɗaya sama da nan, ka bar famfon a tsaye a wurin. Kada ka ɗaure gudunsa da zafin firosesa. Zafin firosesa yana tsalle cikin daƙiƙa ɗaya, alhali lita ɗaya ta ruwa sai ta yi wajen daƙiƙa 21 tana shan wat 200 kafin ta ƙara digiri guda. Famfon da ke bin wannan tsalle hayaniya kawai zai riƙa yi. Fankoki ne ya kamata su riƙa hawa da sauka, kuma idan na'urarka tana auna zafin ruwa, da shi za ka ɗaure su.

Gane inda matsala take

Idan kwamfuta tana zafi, taɓa tiyo biyun yayin da take aiki mai nauyi, za su ba ka labari:

- Ɗaya da zafi sosai, ɗayan da sanyi: ruwa ba ya gudu yadda ya kamata. Duba famfo, iska, lanƙwasasshen tiyo, ko dattin da ya toshe tsagun bulok.
- Dukansu da zafi: famfo yana aikinsa, lagireto ne ya gaza. Duba fankoki da ƙura.
- Dukansu babu zafi amma firosesa tana ƙuna: zafin bai isa ruwa ba, ko ruwan ba ya motsi sam. Fara duba ko famfon yana juyawa, sannan ka duba ɗaurin bulok da man shafawa.

Hali na biyu shi ya fi damun mu a nan. Wannan tsari ba firji ba ne, ba zai taɓa sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, kowane digiri da ɗakinka ya ƙara, kusan digiri guda ne a kan firosesa. Da hunturu kuma ƙura ce ke cike tsakanin ganyayyakin lagireto har iska ta kasa ratsawa. Hure wannan ƙura, ko matsar da akwatin daga lungu zuwa inda iska ke zagayawa, sau da yawa ya fi ƙure famfo amfani, kuma ko sisi ba za ka kashe ba.

Saboda haka idan ka samu gudun da ya wadatar, ka ƙyale famfon ya yi aikinsa. Kuɗin da ka ware don sayen wanda ya fi shi ƙarfi, zuba su a lagireto mai faɗi ko fankoki masu kyau zai fi maka riba. A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake lissafin girman lagireton da ya dace da yawan wat ɗin kwamfutarka. Mu kwana nan.